Sikila a Wurno, Rabah da Goronyo: Gwajin aure kaɗai ba zai ceci yaran da aka riga aka haifa ba

Duk ranar 19 ga watan Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin cutar amosanin jini, jawabin kusan iri ɗaya ne daga bakin jami'an lafiya da malamai da sarakuna: a yi gwajin jini kafin aure. Shawara ce mai kyau, ba mai jayayya da ita, kuma Jihar Kano ma ta mayar da ita doka a watan Mayun 2024. To amma shawarar ta shafi 'ya'yan da ba a haifa ba ne. Yaron da ke kwance yau a Achida ko Gandi ko Shinaka, yatsunsa a kumbure, idanunsa sun yi rawaya, an riga an ɗaura auren iyayensa, an yi suna, an ci rago. Takardar gwaji ba ta da abin da za ta yi masa.

Irin waɗannan yara ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Najeriya kowace shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a duniya. Wani nazari da Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da abokan aikinta suka wallafa a 2021, bisa alƙaluman binciken lafiya na ƙasa na 2018, ya nuna cewa cikin yara 1,000 masu sikila da aka haifa tsakanin 2003 da 2013, kimanin 490 ba su kai shekara biyar ba. Kusan rabi ke nan. A ƙauye yawancinsu suna tafiya ba tare da an taɓa sanin sunan ciwonsu ba. A ce shawara ce, a ce sanyin ƙashi ne, a ce uwar tana wabi.

Dalilin da ya sa ake tsayawa a kan gwajin aure shi ne, har tsakanin masu ilimin boko, an ɗauka cewa ciwon ba shi da wani magani in ban da allurar kashe zafi da ƙarin jini. Wannan fahimta ta tsufa da shekaru fiye da ashirin, kuma abin da ya tsufar da ita shi ne abin da masana suka gano game da yadda ƙwayoyin jiki ke aika wa juna saƙo.

Abin da kowa ya sani game da sikila gaskiya ne, sai dai rabin labarin ne. A cikin rubutun gado da ke cikin kowace ƙwayar halittar ɗan Adam akwai umarnin haɗa himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Harafi ɗaya tak ne ya sauya a wannan umarni, inda GAG ya koma GTG. Wannan ya sa tubali na shida a ɗaya daga cikin sarƙoƙin himogulobin ya zama wani daban. Vernon Ingram ne ya gano wannan a Ingila a tsakiyar shekarun 1950, bayan Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa matsalar tana cikin himogulobin ɗin kansa. Wanda ya gaji sauyin daga uwa da uba duka, himogulobin ɗinsa yakan daskare ya yi sanda-sanda idan ya sauke iska, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Daga nan ciwon ƙashi ke tashi.

Ɗaya rabin labarin shi ne na saƙo. Mutumin Sakkwato ya san yadda umarni ke tafiya: daga fadar Sarkin Musulmi zuwa uban ƙasa, daga uban ƙasa zuwa hakimi, zuwa mai unguwa, har mai shela ya isar da shi ƙofar gida. Haka jiki yake. Ƙwayar halitta ba ta rabuwa biyu, ba ta saki, ba ta tsukewa, ba ta mutuwa, sai saƙo ya iso mata. Wani sinadari ne zai zo ya taɓa wani furotin da ke bakin ƙofarta, shi kuma ya tayar da na ciki, na ciki ya tayar da na gaba, har umarnin ya kai inda za a aiwatar. Idan an gama, akwai wanda aikinsa shi ne ya kashe saƙon, domin umarnin da ba ya ƙarewa shi ma fitina ne.

Sauyin rubutun gado na iya ɓata wannan silsila ta hanyoyi daban-daban. Wani lokaci ɗan saƙon ne da kansa yake lalacewa. A wani nau'in sankarar jini da likitoci ke kira CML, ɓangarori biyu na rubutun gado ne ke yankewa su haɗe inda bai kamata ba, su haifar da furotin BCR-ABL wanda ke ta shelar "a ƙara haihuwar fararen ƙwayoyin jini" dare da rana alhali ba wanda ya aike shi. Da aka gane haka, sai aka haɗa ƙwayar magani mai suna imatinib da ke toshe bakin wannan furotin shi kaɗai. An amince da ita a Amurka a 2001, kuma tun 2003 ake raba ta kyauta a Najeriya ta asibitin koyarwa na Ile-Ife. Cutar da a da take kashe mutum cikin 'yan shekaru ta koma wadda ake rayuwa da ita ana shan ƙwaya kullum. Mafi yawan wadanni ma haka lamarinsu yake: wani furotin mai suna FGFR3, wanda aikinsa shi ne ya ce wa ƙashi ya dakata da tsawo, shi ne ya maƙale a kunne.

A sikila kuwa, 'yan saƙon lafiyarsu lau. A hanya ake tare saƙon a kashe shi.

Wanda ya san noman rani a ƙasan madatsar ruwan Goronyo ko a fadamar Wurno ya san cewa haƙa magudana kaɗai ba ya kai ruwa gona. Sai da mai buɗe ƙofa a lokacin da ya dace. Jijiyoyin jini ma suna da nasu mai buɗe ƙofar. Fatar da ke shimfiɗe a cikin jijiya tana ɗaukar wani sinadari mai suna arjinin ta haɗa wata iska da ake kira naitirik okusaid, NO a taƙaice. Iskar tana ratsawa zuwa tsokar da ke kewaye da jijiyar, ta tayar da wani furotin, shi kuma ya samar da cGMP, tsokar ta saki, jijiya ta buɗe, jini ya wuce. Kazalika wannan iska ce ke hana ƙwayoyin jini mannewa a bango da daskarewa ba gaira ba dalili. Masana uku, Furchgott da Ignarro da Murad, sun sami kyautar Nobel a 1998 saboda gano wannan hanya.

Jar ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kwana 120. Ta mai sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 ta fashe, kuma wani kaso na wannan fashewa a cikin jijiya yake faruwa. Himogulobin ɗin da ya zube yana haɗiye iskar NO cikin sauri mai tsanani, ninkin-ba-ninkin yadda yake yi idan yana ƙunshe a cikin ƙwayarsa. Bugu da ƙari, fasasshiyar ƙwayar tana zubar da wani sinadari da ke cinye arjinin ɗin da za a haɗa sabuwar iska da shi. An kashe ɗan aike, an kuma ƙone takardar da za a rubuta wani saƙon. Sai jijiya ta zauna a tsuke, bangonta ya yi kauri a hankali. Ba a nan abin ya tsaya ba: ɓurɓushin himogulobin ɗin yana taɓa wata ƙararrawa da jiki ya tanada domin ƙwayoyin cuta, sai bangon jijiya ya ɗauka an kawo hari, ya fito da wani furotin mai danƙo da ake kira P-selektin, fararen ƙwayoyin jini su manne, laujen ya zo ya taras da hanya ta riga ta cunkushe.

Har yanzu masana na jayayya kan ko wace hanya ce ta fi ɓarna, amma babu jayayya kan abu ɗaya, kuma shi ne ya fi muhimmanci ga iyaye: wannan ɓarna ba ta jiran ranar da ciwo ya tashi. Tana gudana ne a ranakun da yaro ke wasa a tsakar gida, kowa na cewa ai ya samu sauƙi.

Mafi munin sakamakonta shi ne shanyewar ɓarin jiki. Bincike a Amurka ya nuna cewa, in ba a ɗauki mataki ba, kimanin 11 cikin 100 na masu SS sukan gamu da ita kafin su kai shekara 20, kuma haɗarin ya fi yawa a ƙuruciya. Yaro ɗan shekara shida ya wayi gari baki ya karkace, hannu ba ya ɗagawa. A yawancin gidaje ba wanda zai kawo sikila a ransa. Shafar aljanu za a ce, a nufi mai ruƙiyya, kwanaki su wuce. Wasu kuma ba a ma ganin komai a jikinsu, sai dai karatu ya gagara, malam ya yi ta duka yana cewa daƙiƙi ne, alhali wani ɓangare na ƙwaƙwalwar ne jini ya daina isa. Gyambon ƙafa da ba ya warkewa da hawan jinin huhu su ma ana danganta su da wannan hanya. Akwai kuma wadda kunya ta hana a faɗa: miƙewar gaba mai azabar ciwo da ke ƙin kwanciya, wadda kusan ɗaya cikin uku na maza masu sikila ke fuskanta. Idan ta wuce awa huɗu ba a je asibiti ba, tana iya kashe mazantaka har abada. Samari da yawa sun gwammace su kulle ɗaki su ci haƙuri da su gaya wa mahaifinsu.

Kwarin Rima yana da nasa ƙarin nauyin. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai ɗauke da AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda shi ya sa sauyin ya yaɗu a duk inda sauro ya yi yawa. Amma wannan kariya ba ta amfanar mai SS. Shi zazzaɓin ƙara fasa masa jini yake yi, ya ƙara zubar da himogulobin ɗin da ke kashe saƙon. A yankin da ruwa ke kwance a gonakin shinkafa rani da damina, yaro mai sikila yana tsakanin wuta biyu. Ga sanyin hunturu da ke tsuke jijiya, ga ƙishirwar bazara da ke sa jini ya yi kauri. Auren zumunci, wanda ya yi ƙarfi a wannan yanki, yana ƙara yiwuwar AS ya haɗu da AS a zuri'ar da sauyin yake cikinta, kuma kowane ciki a irin wannan aure yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba kamar yadda wasu ke lissafawa.

Kada a ɗauka sanin hanyar saƙo yana nufin an sami magani nan take. An gwada sildenafil, maganin da ke hana cGMP saurin ƙarewa, a kan masu sikila da ke da alamar hawan jinin huhu, aka dakatar da gwajin a 2009 saboda ciwon ƙashi ya ƙaru a waɗanda suka sha. An haɗa allura mai tsada da ke toshe P-selektin, Amurka ta amince da ita a 2019, Tarayyar Turai ta janye lasisinta a 2023 bayan babban gwaji ya kasa nuna amfaninta. Kamfanin Pfizer ya janye nasa maganin, Oxbryta, daga kasuwannin duniya a watan Satumbar 2024. Duk mai tallar sabon maganin sikila, na Bature ne ko na gargajiya, ya kamata a tuna masa da wannan jerin.

Wanda ya tsaya daram shi ne tsohon magani mai araha, haidiroksiyuriya. Jariri a ciki yana amfani da wani himogulobin na daban, wanda ba ya daskarewa, shi ya sa ba a ganin alamun sikila sai wajen wata shida, lokacin da jiki ya aika umarnin a daina haɗa na jarirai a koma na manya. Haidiroksiyuriya tana sa jiki ya sake buɗe wancan tsohon rumbun. Tana rage yawan fararen ƙwayoyin jini masu mannewa, tana rage fashewar jini, kuma akwai hujjar cewa ita kanta tana samar da iskar NO a jiki. Maganin gyaran rubutun gado na Casgevy, da aka amince da shi a Birtaniya da Amurka a ƙarshen 2023, makunni ɗaya yake taɓawa: yana raunana furotin BCL11A da ke rufe himogulobin ɗin jarirai. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Labari ne mai daɗin karantawa a jarida, amma ba shi ne zai isa Rabah a wannan ƙarnin da ake ciki ba tukuna. Ƙwayar haidiroksiyuriya kuwa har a Najeriya ake haɗa ta.

Kuma ba a Landan aka tabbatar da amfaninta ga yaran Arewa ba. A Kano da Kaduna ne. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala da Asibitin Barau Dikko, cikinsu har da Dokta Shehu Umar Abdullahi da Dokta Najibah Galadanci, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, sun yi amfani da wata na'ura mai suna TCD da ake ɗorawa a gefen kai ta auna saurin jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Idan jijiya ta tsuke, jini yakan yi gudu, kamar ruwa a matsattsiyar magudana. Gudun da ya kai santimita 200 a daƙiƙa alama ce ta haɗari. A Amurka irin waɗannan yara ƙarin jini ake yi musu kowane wata, abin da ba zai yiwu ba a ƙasar da uba ke yawon neman leda ɗaya. Sai aka gwada haidiroksiyuriya a kan yara 220. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa ƙasa da biyu cikin 100 ne suka sami shanyewar ɓarin jiki a shekara, alhali a irin yaran da ba a yi wa komai ba adadin yakan kai kusan 10 cikin 100. Ƙaramin awo ma ya yi aiki kamar matsakaici. Wani gwajin a Angola da Kongo da Kenya da Yuganda, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna raguwar ciwon ƙashi da ƙarin jini da mace-mace, har da zazzaɓin cizon sauro da ya ragu da kusan rabi. Bayan gwajin Kano, an horar da ma'aikatan jinya su riƙa aikin na'urar, kuma gwamnatocin Kano da Katsina da Kaduna sun shiga cikin shirin.

Abin da ya rage shi ne gwamnatin Jihar Sakkwato da shugabannin ƙananan hukumomin gabashinta su amsa tambayoyi masu sauƙi a bainar jama'a. Yara nawa masu SS aka yi wa rajista a Wurno da Rabah da Goronyo? Nawa aka auna wa jijiyar kai a bara? Nawa ke shan haidiroksiyuriya, kuma wa ke biya? Ƙwararrun likitocin jini suna birnin Sakkwato, a Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo. Cibiyar sikila da gwamnatin tarayya ta kafa domin Arewa maso Yamma tana Birnin Kebbi. Ga manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, wannan nisa ba na kilomita ba ne kawai. Mutanen Gandi ba su manta da harin Tabanni na Yulin 2018 ba, na Goronyo ba su manta da kasuwar Lahadin Oktoban 2021 ba, kuma uwar da ɗanta ya fara ciwo da tsakar dare ta san ba za ta hau hanya ba sai gari ya waye. Rashin tsaro hujja ce ta a kai kulawar kusa da mutane, domin maganin da ake sha a gida kullum ya rage buƙatar tafiyar dare ya fi amfani a Goronyo fiye da a unguwar da asibiti ke bayan gida.

Hanyar ma a shimfiɗe take. Kowace damina ma'aikata na bi gida-gida a Jihar Sakkwato suna ba yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Akwai kuma 'yar takardar gwajin sikila da ke ba da sakamako cikin mintuna daga ɗigon jini ɗaya, ba wuta ba na'ura, kuma tawagar Farfesa Nnodu ta nuna a Gwagwalada cewa ana iya haɗa ta da allurar rigakafin jarirai a ƙananan asibitoci. Jaririn da aka gano da wuri za a ɗora shi kan fenisilin kullum, wanda tun 1986 aka tabbatar yana rage mummunar cutar jini da kashi 84 cikin 100 a yara masu sikila, domin saifarsu takan mutu tun suna ƙanana. Za a kuma gargaɗi iyayensa kan cire beli da tsaga da ƙaho, tunda yaron da jininsa bai cika ba ba shi da na zubarwa a hannun wanzami. Na'urar TCD ɗaya da ma'aikacin jinya ɗaya da aka horar za su iya zagaya manyan asibitocin ƙananan hukumomin uku a ranakun kasuwa, lokacin da mutanen ƙauye ke shigowa gari.

Masu cewa wannan magana ta fi ƙarfin ƙauye su tuna inda suke magana. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna, a nan ya rasu a 1837, kuma duk da yaƙi da mulki ya sami lokacin rubuta littattafan magani, har da na basur da na ciwon ido. Malaman da suka gaje shi a masallatan Juma'a na yankin sun karɓi maganar gwajin aure. Abin da ake buƙata yanzu shi ne su ƙara jimla biyu a huɗuba: yaron da bakinsa ya karkace a kai shi asibiti a ranar, a yi addu'ar a hanya, saurayin da gabansa ya ƙi kwanciya kuma kada ya jira asuba.

Haidiroksiyuriya ba ƙwayar da za a saya a kemis a riƙa ba yaro da ka ba ce. Da nauyin jiki ake auna ta, tana buƙatar a riƙa duba yawan ƙwayoyin jini lokaci-lokaci domin tana iya rage su fiye da kima, mace mai ciki ko mai neman ciki sai ta tuntuɓi likita, kuma tana iya rage maniyyin namiji. Saboda haka duk kasafin da zai sayi maganin dole ya haɗa da na'urar ƙirga jini da wutar sola da za ta riƙe ta, da albashin wanda zai zauna ya karanta sakamakon a Wurno da Rabah da Goronyo.